Hannun Kader

Ranar da Kader ya sauka a gidan yayarsa Oumaima a garin Pleasant Garden, can ƙasar waje, ganyen itatuwa ya fara ja yana zuba. Jaka biyu ya zo da su, ɗaya ta tufafi, ɗaya ta ƙwallaye, sai wani dogon tabo a cikin gwiwar hannunsa na dama. Shekararsa talatin. Tara daga ciki ya yi su yana cin abinci da wasan besbol, a matsayin majefi, wato wanda ke tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo ta wuce mai sanda, ta faɗa hannun abokinsa da ke tsugune a baya. Jijiyar hannun ce ta tsinke masa ana tsakiyar wasa. Likitoci suka dasa wata, ya yi wata goma sha huɗu yana jinya, sannan ƙungiyarsa ta kira shi ofis ta yi masa godiya, ta sallame shi.

"Kwana nawa za ka yi mana?" Oumaima ta tambaye shi tana zuba masa shinkafa.

"Har hannun ya dawo, Yaya."

"In bai dawo ba fa?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya ce miyar ta yi daɗi.

Washegari ya kafa raga a bayan gida, inda fili ya miƙe har bakin wasu itatuwa. Ya auna ƙafa sittin da rabi, ya ja layi da dunduniya, ya fara jifa. Oumaima tana wanke-wanke tana kallonsa ta taga. Ƙwallon sai ta shige raga ta zube ƙasa ba ƙara, ba komai, kamar an jefa tsumma. In ya ƙarar da bokitin sai ya taka ya je ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo. Kwana uku tana kallon wannan abu, a na huɗu ta kasa jurewa. Ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta sa wandon motsa jikin mijinta a ƙarƙashin doguwar riga, ta fito.

"Kawar da ragar nan. Ina safar cafewa?"

Kader ya dube ta ya yi dariya. "Yaya, shekara nawa rabonki?"

"Kai dai ba ni."

Ai ita ce ta fara cafe masa ƙwallo a duniya. Tana da shekara goma, shi biyar, mahaifinsu Malam Ousseini ya ɗauko su daga Maraɗi ya kawo su ƙasar nan, wani ɗan gidan haya a bayan titin Wendover, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Ba filin wasa a wurin, sai wajen ajiye motoci. Wani maƙwabci da zai tashi ya bar musu tsohuwar safar fata da ƙwallo biyu, Kader ya ɗauki ƙwallon, ita ta ɗauki safar, haka rabon ya tsaya. Shekara bakwai tana tsugune a gaban kwandon shara yana jifanta. Ita ta fara gane cewa ƙwallon yaron nan ba ta tafiya miƙe, sai ta kusa isowa ta ɗan karkata. A makarantar sakandare har ta shiga ƙungiyar 'yan mata, kocinsu ya ce bai taɓa ganin mai cafewa mai nutsuwa irin tata ba. Sai Malam Ousseini ya rasu tana da shekara goma sha bakwai. Ta ajiye wasa, ta kama aikin yamma a wani kanti, daga baya ta yi karatun jinya, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu. Kader kuwa wasan ya ɗauke shi zuwa jami'a, daga nan zuwa ƙananan ƙungiyoyi a garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba.

Yanzu ta tsuguna a kan ciyawa, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ya jefo ta farko a hankali. Da ƙwallon ta faɗa safar ta yi wannan ƙarar, fas, sai ta ji abin har cikin haƙoranta, idonta ya ciko. Ta mayar masa ba ta bari ya gani ba.

"Wannan jifan 'yan firamare ne," ta ce. "Sake."

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Tana tashi daga asibitin da take aiki ƙarfe uku, ta yi la'asar, su fita. Mijinta Salifou, mai gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, ya sa aka kawo jar ƙasa cikin akori-kura, shi da Kader suka yi kwana biyu suna daɓe tudu. Ya sayo mata abin kare fuska da na ƙirji, ya ce ba zai iya yi wa mutane bayanin yadda matarsa ta rasa haƙori ba. Akwai wata 'yar na'ura da ke auna gudun ƙwallo, suka ɗora ta a kan kujera. Kafin ciwon, Kader yana kai mil casa'in da shida a awa. A watan Nuwamba na'urar ta nuna saba'in da tara. A Disamba ta nuna tamanin da huɗu.

Mahaifiyarsu, Hajiya Aissa, a gidan take zaune tun da ta daina kitso. Takan fito da kujerarta da bargo ta zauna a baranda, ba don kallo ba, sai don ta faɗi abin da ke ranta.

"Mace da ɗiya biyu, tsugune cikin haki kamar mai tsintar gyaɗa," takan ce. "Kai kuma Kader, mi kake jira? Ga Salifou yana neman hannu a wurin aikinsa. Ka yi aure, ka zauna waje guda. Shekara tara kana cikin mota daga gari zuwa gari, mi ka samu?"

"Mama, na kusa."

"Bon, to. Tun kana ɗan shekara ishirin kake kusa."

A ranta Oumaima ta san tsohuwar tana da gaskiyarta. Amma ta san kuma cewa tun da aka fara wannan jifa take tashi da safe da wani ɗoki da ta manta akwai irinsa. A wurin aiki tana auna jinin mutane tana duban agogo. Tafin hannunta na hagu ya kumbura ya yi shuɗi, tana ɓoye shi a aljihu, tana jin daɗin zafin.

A watan Janairu gudun ya tsaya a tamanin da bakwai, ya ƙi gaba. Sati biyu suna abu ɗaya. Kader ya daina hira, ya daina wasa da yara, in ya jefa sai ya juya ya dubi na'urar tun kafin ƙwallon ta isa. Ita kuwa daga inda take tsugune tana ganin abin da shi ba ya gani. Wata ranar Laraba, sanyi na yanka kunne, ta miƙe ta cire abin fuska.

"Tsoro kake ji."

"Me?"

"Kana zuwa wurin saki sai ka riƙe hannun. Kana sauke gwiwar hannun, kana lallaɓa ta kamar ƙwai. Tun Disamba nake gani."

Fuskarsa ta canja. "Likitoci uku da koci biyu sun duba ni, babu wanda ya faɗi haka."

"Babu wanda ya tsuguna a gabanka kullum a cikinsu."

"Yaya, da girmanki, wasan 'yan mata na shekara biyu kika yi. Ni na tsaya a gaban mutum dubu arba'in. Me kika sani a kai?"

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta zare safar, ta ajiye a kan ciyawa a hankali, ta shige gida. Kwana biyu ba ta fita ba. Ta ji shi ya sake kafa raga, ta ƙi zuwa kusa da taga.

Ranar Asabar da hantsi ya same ta a kicin tana yanka kuɓewa. Ya jawo kujera ya zauna, ya daɗe yana juya cokali a hannu.

"Ki yi haƙuri, Yaya. Bakina ne."

Ta ci gaba da yanka.

"Gaskiya kika faɗa. Duk jifan da zan yi sai na ji ƙarar nan ta ranar. Kamar an tsinke igiyar roba a cikin kunnena." Ya ajiye cokalin. "Kin san kwana tara kacal na yi a babbar ƙungiya. Kwana tara cikin shekara tara. Sau biyu aka sa ni. Kowa yana tsammanin jama'ar nake tunawa, ko otal ɗin, ko jirgin. Ba su ba ne. Akwai wani ɗan lokaci, bayan ka ɗaga ƙafa kafin ka saki, da duniya take yin tsit. Ba ka jin kowa. Ka san inda ƙwallon za ta je, ita ma ta sani. Shi nake nema. Ko a filin da mutum goma ke kallo ne, ina so in sake jinsa."

Oumaima ta ajiye wuƙar. Lokacin waɗannan kwana tara tana asibiti ta haifi 'yarta Ibtissam, a waya aka nuna mata shi daga baya, ɗan ƙarami a cikin fili.

"Kana tsammanin kai kaɗai ka rasa wani abu?" ta ce. "Ranar da na mayar da rigar ƙungiya, a kujerar baya ta motar bas na zauna na yi kuka har gida. Ban gaya wa kowa ba, don ana cikin makokin Baba, wa zai saurari kukan ƙwallo? Shekara goma sha takwas ko filin ba na son bi ta gabansa."

"Ban sani ba."

"Ina za ka sani, kana ɗan yaro. Tashi ka kawar da ragar nan kafin rana ta yi."

Ranar ta ce masa ya juya na'urar ta kalli bango. Ta ce ya jefa da dukkan ƙarfinsa sau ɗaya, in hannun zai tsinke ya tsinke a gabanta, ita ma'aikaciyar jinya ce. Ya yi dariya, ya yi bisimilla, ya jefa. Ƙwallon ta tura ta baya har ta zauna a ƙasa. Ya tsaya yana taɓa gwiwar, yana jira. Babu abin da ya faru.

Gudun ya hau zuwa casa'in, wata rana casa'in da ɗaya, daga nan bai ƙara ba. Su biyun suka gane cewa casa'in da shida ta tafi ke nan. Sai suka koma kan dabara. Ya koyi wani riƙo da ke sa ƙwallon ta fito kamar mai gudu amma ta iso a makare, ta nutse a gaban mai sanda. Ita ce ke gaya masa in ta gane jifan tun daga hannunsa. "Na gani, yatsanka ya tona ka." Sai ya gyara. Ranar da ya jefo ta ita kanta ta ruɗe, ƙwallon ta buge ta a ƙafa, ta yi ta tsalle da ƙafa ɗaya tana murna, har Hajiya Aissa ta ce lalle an yi wa gidan nan asiri.

A ƙarshen Fabrairu ya je gwaji a birnin Charlotte, inda wakilan ƙungiyoyi suka taru suna duba 'yan wasa. Mutum shida suka tsaya a bayansa da na'urorinsu. Suka rubuta abin da za su rubuta, suka ba shi hannu. Babu wanda ya kira. Azumi ya kama, suka rage jifan zuwa kwana uku a mako, gab da shan ruwa. Kader ya fara bin Salifou wurin aiki da safe, yana riƙe masa tsani. Hajiya Aissa ta fara ambaton sunan wata yarinya 'yar mutanen Damagaram da ke garin Summerfield. Oumaima ta lura cewa wani ɓangare na zuciyarta yana jin daɗin shirun wayar, domin muddin ba a kira ba, gobe ma za su fita bayan gida. Abin ya ba ta kunya, ta yi ta istigfari.

Kwana huɗu bayan sallah aka kira. Wata ƙungiya ce a arewacin Meziko, majefinsu ɗaya ya ji ciwo, sun ga bidiyon Kader, suna son ya iso kafin Juma'a. Ya fito tsakar gida da wayar a hannu ya faɗa musu. Oumaima ta rungume shi ta yi guɗa, abin da ba ta taɓa yi ba a ƙasar nan. Hajiya Aissa ta tashi ta shiga ɗaki ta fara ƙulla masa kilishi da yaji.

"A can akwai masallaci?" ta tambaya.

"Zan nema, Mama."

"Ka nema. Kuma in hannun ya yi ciwo ka faɗa, kar ka ɓoye."

Bayan tafiyarsa gidan ya yi faɗi. Ƙarfe uku ta yi, Oumaima ta dawo, ta yi la'asar, ta rasa abin yi da jikinta. Kumburin hannunta ya sace cikin sati biyu. Yana kira duk Lahadi, ya ce garin zafi kamar Maraɗi, mai cafe masa ba ya jin Turanci sai da yatsu suke magana, ya ce ana sa shi can ƙarshen wasa in an matsu, wani lokaci sau biyu a mako, wani lokaci ko sau ɗaya. Muryarsa ta koma irin ta da.

A watan Yuli ta ɗauki hutun kwana huɗu. Salifou ya ce ta je, shi da Hajiya za su riƙe yara. Jirgi biyu ta hau, ta sauka a wani gari mai duwatsu a kewaye. Ƙungiyar tana da wasa uku a gida, Juma'a, Asabar da Lahadi. Kader ya samo mata wuri a gefen fili, daf da ɗan shingen da majefa ke zama suna jiran a kira su.

Ranar Juma'a wanda ya fara jifa ya riƙe wasan shi kaɗai har kusan ƙarshe, ba a nemi kowa ba. Ranar Asabar aka lallasa su tun da wuri, koci ya ƙi ɓata manyan hannayensa, ya sa yara. Kader ya leƙo ta saman shinge ya ɗaga mata kafaɗa. Ta yi masa alama da hannu cewa ba komai.

Ranar Lahadi da rana aka yi wasan, zafi kamar a gasa gurasa. Suna gaba da ci ɗaya, saura kaɗan a tashi, sai majefinsu ya fara tangaɗi. Wayar tarho da ke jikin shingen ta yi ƙara. Wani ya ɗauka, ya juyo ya nuna Kader. Oumaima ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Ya cire rigar sama, ya hau tudun gwaji da ke cikin shingen, taku goma daga inda take, ya fara ɗumama hannu. Ta bar kujerarta ta je ta kama ragar shingen da yatsu. Bai dube ta ba, ita ma ba ta so ya duba. Ta ga ƙafar ta tashi, ta ga gwiwar hannun a sama inda ya kamata, ta ga hannun ya fita gaba ɗaya ba riƙewa. Ya jefa goma sha biyu. Ta takwas ita ce mai nutsewar nan, mai cafewar ya ɗan kai hannu sama kafin ya gane, ya faɗi wata kalma da yarensu yana girgiza kai. Ta ji kamar ta ce masa ya matsa ya ba ta wuri.

Sai filin ya ɗauki ihu. Mai sanda ya buga ƙwallo ƙasa, aka fitar da mutum biyu na abokan hamayya a lokaci ɗaya, wasa ya ƙare, su Kader sun ci. Kader ya tsaya da ƙwallo a hannu yana kallon abokansa suna rugawa cikin fili. Ya sauko daga tudun, ya zo bakin shinge.

"Yaya, kin sha hanya a banza."

"Wa ya ce? Na ga sha biyu."

"Na gwaji ne."

"Ta takwas ɗin ba ta gwaji ba ce."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi, gumi na ɗiga daga hularsa.

Washegari da safe ya ari motar wani abokin wasansa ya kai ta filin jirgi. A hanya ya ce mata sun yi maganar shekara mai zuwa, ba su yi alkawari ba. Ya ce wataƙila ya samu shekara biyu a hannun nan, wataƙila ɗaya. In kakar wasa ta ƙare a watan Agusta akwai wasan hunturu a wata ƙasa, in sun ɗauke shi ba zai zo gida ba sai Janairu.

"Janairu," ta ce.

"In ba su ɗauke ni ba kuma, kin gan ni a Satumba."

Ta dubi duwatsun ta taga. Ta rasa wanne za ta roƙa masa, sai ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya ce amin. A bakin ƙofa ya sauke mata jaka, ya tsaya har ta shige.

Tana zaune tana jiran jirgi wayarta ta yi ƙara. Hajiya Aissa ce, tana magana da ƙarfi kamar yadda ta saba in nesa ce.

"Mun kunna tele jiya, Salifou ya nemo tashar, mun zauna har aka gama ba mu gan shi ba. Ya yi jifan kuwa?"

"Ba a sa shi ba, Mama."

"Kwana uku?"

"Kwana uku."

Tsohuwar ta yi tsaki. "To ya jikinsa? Ya rame?"

"Ya ɗan yi baƙi. Amma yana cin abinci, hannun ma lafiya lau."

"Yaushe zai zo?"

"Bai sani ba tukuna."

Oumaima ta ji mahaifiyarta ta ja numfashi.

"Bon. In akwai wani wasan ranar Laraba, ki ce wa Salifou ya sake nemo tashar."

Aka fara kiran fasinjoji. Oumaima ta ce to, ta ɗauki jakarta ta shiga layi.